Kafin a shuka, a tsara gwajin

A wani zama da muka yi da ɗaliban digiri na biyu a Samaru, an fi daɗewa kan maimaici, wato sake gwada abu ɗaya a tukwane ko kunyoyi daban-daban. Ganye 10 daga tukunyar wake ɗaya ba maimaici 10 ba ne, ɗaya ne tak. Wannan kuskuren ya taɓa cinye min damina guda, har yau ina jin zafinsa.

Wata malama ta ce a raba kunyoyi da ƙuri'a, kada taki ya taru gefen da ruwa ke kwanciya. Gona mai gangare kuwa a yanka ta gida-gida, kowane gida ya samu kowane irin taki ko maganin da ake gwadawa.

Kafin ANOVA, lissafin da ke kwatanta sakamakon rukuni-rukuni, a zana ragowar kuskure, wato bambancin abin da aka auna da abin da lissafi ya hango, a duba da ido, sannan gwajin Shapiro-Wilk da na Levene, masu duba ko alƙaluman sun cika sharuɗɗan ANOVA. In ƙidayar ƙwari ce, a gwada tsarin Poisson, lissafin da ya dace da abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya.