Bakwainina na da ƙaba, an ce sai tiyata

Maman Khalil: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Na haihu a sati 30, yaron ya yi kwana 26 a kwalba. Duk kwanakin nan a benci nake kwana, uwar mijina kuwa sau ɗaya ta leƙo, wai warin asibiti na tayar mata da zuciya. Mun dawo gida, in ya yi kuka sai ƙullutu kamar ƙwan zabo ya fito a matsematsinsa na dama, in ya yi barci ya koma. Likita ya ce ƙaba ce, sai tiyata. Yaron da bai kai kilo uku ba! Babansa ya ce atafau ba za a yi ba.

Hajiya Ladi: 'Yata, ki bari ya yi ƙwari. Autana cibiyarsa ta fito sosai, kafin yaye ta koma.

Anti Nas: Hajiya, cibiya daban, ƙaba daban. Akwai 'yar kafa da 'ya'yan maraina ke bi su sauko tun yaro na ciki, tana rufewa dab da haihuwa. Bakwaini kan fito kafin ta rufe, sai hanji ya riƙa zurarowa. Jiƙo ba ya rufe ta. Ranar da ƙullutun ya yi tauri ya ƙi komawa, ko ya fara amai kore, asibiti a take, ko tsakar dare ne. Hanji na iya mutuwa.

Ummu Hanan: Mu sau uku aka ɗaga mana aiki, yau ba gado, gobe yajin aiki. Kuɗin mota kaɗai ya cinye min adashi.

Baban Iman: Anti, ai wani bincike a Amurka a 2024 ya nuna jinkirta aikin har bayan an sallami bakwaini daga asibiti ya fi rage matsala.

Anti Nas: Likita ke sa ranar, ba maigida ba. Bakwaini na iya ɗauke numfashi bayan allurar barci, shi ya sa ake kwantar da shi a sa ido. Maman Khalil, yaushe aka ce ku koma?

Maman Khalil: Talatar da ta wuce. Ban je ba, Anti, kar ki ga laifina, ba ku ga allurai nawa ya sha ba. Kuma ina tura ƙullutun da yatsa yana komawa lafiya lau.

Anti Nas: Yau yana komawa, gobe fa?

Hajiya Ladi: Allah ya ba shi lafiya, 'yata.

Maman Khalil: Amin. Bari babansa ya dawo.