Yoyon mahaɗar fayif a bangon bene: me kuka gani a gidajenku?

Baban Sadiƙ, Tudun Jukun: Assalamu alaikum. Gidana bene ne, banɗaki biyu a sama, duka suna zuba a babban fayif mai inci 4 da ya sauko ta bangon baya zuwa camba, wato ramin da fayif ke zubar da ƙazanta a ƙasa. Daidai inda ƙaramin fayif ɗin shawa mai inci 2 ya shige shi, nan yake tsiyaya. Bango ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa, da rana ta take kuma wari ya cika ɗakin mahaifiyata da ke ƙasa. Wannan ne ya hana ni sukuni. Sau biyu ana dafa wa wurin siminti, sau biyu yana dawowa. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Alhaji, siminti ba ya kama roba, ko buhu guda za a dafa. Shekarata 19 a sana'ar nan, kuma kusan duk inda na fasa irin wannan dafin, abu ɗaya nake tararwa: an gasa ƙarfe an huda babban fayif, an cusa ƙaramin a ramin. Ramin ba zagaye ba, bakin ƙaramin kuma ya leƙa ciki yana tare takarda da ƙazanta. Gyaran shi ne a yanke wurin, a sa mahaɗa mai reshe wadda reshenta ya karkata ya bi hanyar ruwa, sannan a rage bakin reshen zuwa inci 2 da ridiyusa. Sai maganar gam. Mutane sun ɗauka cike gurbi yake yi. A'a, narka fuskar robar biyu yake su zama ɗaya. Don haka dole wurin ya bushe, a goge ƙura, a kankare kaifin bakin da zarto ya bari, a shafa ciki da waje, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar rabin minti. In fayif yana rawa a soket, wato bakin mahaɗar da ake zura shi ciki, tun kafin gam, kada ma a ɓata gam ɗin.

Maman Ummi, Gyallesu: Malam, Allah ya saka da alheri, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ina tsaye yaron mai aikinmu ya kunna takardar buhun siminti ya gasa bakin fayif har ya yi laushi, ya zura ɗaya cikin ɗaya. Na tambaya, aka ce haka ake yi. Gefe ɗaya har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa don ƙuna, ban san nan ne zai tsage ba. Aka rufe da tayil. Wata takwas sai ga ɗigo a silin ɗin kicin, daidai kan inda nake ajiye tukwane. Tayil 14 muka fasa saboda an ƙi sayen soket ɗaya. Da aka sake aikin na ce ba mai rufewa sai an gwada. Aka toshe bakin fayif a camba da tsumma cikin leda, aka cika shi da ruwa, na yi alama da biro, aka bar shi ya kwana. Da safe ruwan na nan a kan alama, sannan na yarda.

Ɗan Samaru: Baba, wace nahiya bangon yake kallo? Namu yamma ne, kuma abin ya ba mu wahala. PVC, wato robar da ake yin fayif da ita, yana miƙewa da zafi yana takurewa da sanyi, kusan milimita 0.07 a kowace mita kan kowane digiri. Fayif mai mita 6 da ya sha ranar Afrilu, ya kuma kwana cikin sanyin hunturu, zai iya motsa fiye da santimita guda. In an binne reshen cikin siminti ƙam, mahaɗar ce za ta ɗauki wannan jan. Mu sai da muka sassauta ramin bangon, muka ƙara kilif, muka shafa farin fenti, don rana tana sa robar ta yi gautsi.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari: Gaskiyarka ƙanena. Amma a lura da kaurin fayif ma. Akwai mai araha da za ka matsa da yatsa ya lotsa, shi kam ko inuwa ba ta cetonsa.

Malam na Wusasa: Ni nawa ba yoyo ba ne ashe. Duk aka kora masai sai magudanar shawa ta yi gur-gur, wari ya biyo baya. An toshe saman babban fayif ne da murfi, babu mashaƙar iska, ruwan masai yana zuƙe ɗan ruwan da ke kwance a lanƙwasar shawa, wanda shi ke tare wari. Muka ƙara tsayin fayif ya wuce rufin kwano, muka sa hula mai raga saboda sauro da ƙadangaru. Alhaji, ka duba wannan ma, kada a gyara mahaɗa amma warin yana nan.

Baban Sadiƙ, Tudun Jukun: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya aka fasa dafin a gabana, kuma kamar Malam mai gyaran famfo yana wurin: rami ne na ƙonannen ƙarfe, an naɗa masa robar tayar keke. Ƙaramin fayif ɗin ma a kwance yake ba gangare, ruwa na kwana a ciki. An sa mahaɗa mai reshe, an ba shi gangaren inci guda a kowace ƙafa uku da 'yan kai. Bangon yamma yake kallo, don haka na sayo fenti. Maman Ummi, yanzu haka ruwan gwaji na ciki, na yi alamata. Hajiyarmu ta koma ɗakin gaba sai bangon ya bushe. Malam mai gyaran famfo, kwana nawa zan jira kafin a yi filasta?