Littafi ɗaya ga duk 'yan aji ɗaya, zai yiwu kuwa a nan Legas?

Abban_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka yi karatu a waje ko suke koyarwa. Ina cikin masu kula da sababbin ɗalibai a ƙungiyarmu ta 'yan Arewa masu karatu a Legas, muna da yara a UNILAG can Akoka, da LASU a Ojo, da kuma Yabatech. Duk shekara abu ɗaya muke gani, yaro zai zo, wani daga Kano ko Sakkwato, wani kuma nan Agege ko Idi-Araba aka haife shi, ya shiga ajin da ke da ɗaruruwan mutane ya rasa wa zai yi wa magana, sai ya lalubo mutum biyu uku masu jin Hausa su manne wa juna har samista ta ƙare. Zumunci abu ne mai kyau ba na musu, amma abin da ke damuna shi ne yaro ya gama aji ɗaya bai taɓa ɗaga hannu a lakca ba, bai da aboki ko ɗaya a sashensa, idan an ba da aikin rukuni shi ne wanda ake rubuta sunansa a ƙarshe.

Na ji a jami'o'in Amurka akwai wani tsari da ake zaɓar littafi guda ɗaya a ce duk sababbin ɗalibai su karanta kafin su shigo, in sun zo a zauna a tattauna. Shin da gaske yana da amfani ko dai biki ne kawai? Kuma mu da ba hukumar makaranta ba ce, ƙungiya ce ta ɗalibai da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, za mu iya yin irinsa wa jambitocin bana, wato sababbin ɗalibai? Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

Malama_Hauwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da gaske ne, na gani da idona lokacin da nake digiri na biyu a can, har na taɓa jagorantar rukuni ɗaya. Yadda suke yi, kwamiti ne ake kafawa na malamai da ma'aikatan laburare da wasu tsofaffin ɗalibai, su yi watanni suna tace littattafai har su tsaya a kan guda. Sababbin ɗalibai suna samun littafin tun lokacin hutun bazara, wasu makarantun kyauta suke ba da shi, to a makon farko na karɓar baƙi sai a raba su ƙananan rukunoni, kowane rukuni da malami ko babban ɗalibi, a yi hira kamar ta awa ɗaya ko biyu. Makarantun da ke da hali har marubucin suke gayyatowa ya zo ya yi jawabi a yi masa tambayoyi. Wasu kuma suna saka littafin cikin kwas ɗin rubutu na shekarar farko dan kar abin ya mutu da makon farko. Wannan kula da 'yan aji ɗaya ma ba yau suka fara ba, Jami'ar South Carolina tun 1972 take da kwas na musamman da ke koya wa sabon ɗalibi zaman jami'a, kuma daga nan makarantu da yawa suka kwaikwaya.

Amfanin da ni na gani ba wai yaro ya zama gwanin adabi ba ne. Mai karanta injiniyanci da mai karanta shari'a da mai likitanci ba abin da ya haɗa su a makon farko, amma in duk sun karanta labari ɗaya to an samu abin buɗe baki. Na ga yarinyar da ba ta cewa uffan, ranar da aka zo kan wani babi da ya taɓa mutuwar uwa sai ga ta tana magana har sai da aka ce a ba wani dama, kuma daga ranar ta samu ƙawaye. Wannan shi ne ribar.

Sai dai ka sani wajen zaɓen littafi nan rigima take. A 2002 Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta zaɓi littafin wani malami Michael Sells wanda ya fassara gajerun surorin Alƙur'ani da sharhi, wato shekara ɗaya bayan harin 11 ga Satumba, suna so yaransu su san wani abu game da Musulunci. Wata ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin riƙau ta kai su kotu tana cewa cusa addini ne. Kotu ba ta hana ba, aka yi tattaunawar, kuma jami'ar ta ce wanda ba ya son karantawa ya rubuta dalilinsa. Na kawo wannan ne dan ka ga in dai kuna so ku jawo Yarbawa da Inyamurai da sauran abokan karatunsu ciki, to sai kun yi hattara da abin da za ku miƙa wa mutane.

Sadiq_Mile12:

Yaya Abba ka yi haƙuri ni dai ban ga alamar zai yi ba. Ai mu ma muna da namu a ƙasar nan, JAMB duk shekara tana sa littafin labari ɗaya ga duk wanda zai zauna jarabawa ko me zai karanta, an yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli daga 2021, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba wanda ma a nan Legas labarin ya faru. Ni ina koyar da lesin na masu shirin JAMB da yamma kuma wallahi cikin yaran da ke zuwa wajena ƙalilan ne ke karanta littafin daga farko har ƙarshe, sauran taƙaitawa suke nema a waya da tambayoyin da ake hasashen za su fito, su haddace sunayen mutanen ciki shikenan. Wannan fa da maki a kai. To ina ga wanda ba maki ba komai?

Sannan ka duba rayuwar yaron nan. Wanda bai samu hostal ba daga Mile 12 ko Agege yake tasowa kullum, ya shiga danfo ya sha gosulo ya isa lakca a gajiye, ya dawo bayan magariba wataƙila ma sai ya tsaya wa babansa a shago ko a rumfar tumatir. Ga kuɗin makaranta da aka ƙara, ga hendawut, ga data. Ka zo ka ce ya sayi littafin da ba ya cikin kwas, ina zai sa kansa? Can da Malama ke faɗa yaran a cikin makaranta suke kwana kuma an ba su littafin a hannu.

Ummee_Z:

Salam. Ni ina aji biyu yanzu, bara nake jambito dan haka abin bai yi min nisa ba. Yaya Sadiq gaskiya ka faɗa a kan kuɗi da hanya amma ban yarda cewa ba ma karatu ba. Ka shiga wayar kowace yarinya a cikinmu ka ga littattafan Hausa nawa take bi a guruf na WhatsApp da Wattpad, mutum zai kwana yana karanta shafi bayan shafi kuma da safe a yi ta muhawara a kan me ya sa wance ta yi kaza, har faɗa ake yi. Ba wanda ya ba mu maki a kan wannan. Abin da ya sa na JAMB ake gudunsa shi ne an san tambaya za a yi a kai, ba wanda zai taɓa tambayarka ra'ayinka.

Abin da ya fi ba ni wahala a aji ɗaya tsoron magana da Turanci ne a gaban mutane. Ina ji ina kuma rubutawa, sakamakona ma ya yi kyau alhamdulillah, amma in na buɗe baki sai in ji kamar kowa harshena yake saurare ba maganar ba, akwai ranar da wasu suka kwaikwayi yadda na faɗi wata kalma kuma daga nan na ja bakina na yi shiru kusan samista guda. Da a ce akwai wani ƙaramin zama na mutum goma da za a ce Ummi me kika gani a babin nan, in faɗa da Turanci in na kakare in ƙarasa da Hausa ba wanda zai yi dariya, wallahi da na warware tun da wuri. Dan haka ni ina goyon baya sosai, kuma in za a yi ku sa ni cikin masu jan rukunin mata. Roƙona ɗaya kar a kawo ƙaton littafi, kuma kar a sa zaman lokacin tes.

Baba_Obalende:

Abba, Allah Ya yi maka albarka da wannan tunani. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗinki nake yi, amma 'ya'yana biyu suna jami'a kuma abin da ka faɗa na gan shi a gidana. Ku yaran nan kuna ta kallon Amurka, alhali karatun zaure da muka taso a ciki haka yake, littafi ɗaya ne a gaban kowa, Ahalari ko Ishmawi ko Risala, malam ya karanta ya fassara, wanda bai gane ba ya tambaya, in an tashi a ci gaba da jayayya a hanya har gida. Abin da ke riƙe wannan karatun shi ne lokaci sananne da mutumin da ba ya fashi. In malam ya zo yau gobe bai zo ba zauren watsewa yake. To ku ma kafin ku yi maganar wane littafi, ku fara samun manyan ɗaliban da za su ɗauki amanar zuwa duk mako ko mutum uku ne suka hallara.

Maganar kuɗi kuma Sadiq, ai ba sai kowa ya mallaki nasa ba. Ku je Yaba ko Ojuelegba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, ko kantin CMS da ke cikin Ikko, ku sayi kwafi kaɗan a riƙa karɓa-karɓa, bana a yi da su baɗi a miƙa wa na baya. Ku zo wajenmu iyaye da 'yan kasuwa da takarda a rubuce, mutumin da ke ba da gudummawar walimar yaye ɗalibai ba zai ƙi ba da kuɗin littafi biyu ba. Ni na ɗauki biyar. Amma ku sayi na asali, kar ku je ku yi ta fotokwafin wahalar mutum ko ku riƙa yawo da PDF na sata, haƙƙi ne.

Malama_Hauwa:

Baba ya faɗi abin da na manta. A can ma inda abin ke lalacewa shi ne a yi taro ɗaya a makon farko a ɗau hoto a watse, yara da yawa ba su ma buɗe littafin ba. Gara ku raba shi babi-babi cikin mako huɗu ko biyar, kuma farkon kowane zama a karanta shafi biyu a bayyane dan wanda bai samu karantawa a gida ba kar kunya ta hana shi zuwa. Shawarata ku ɗauki labarin da marubucin Najeriya ya rubuta da Turanci mai sauƙi, wanda ya shafi barin gida ko zaman baƙunta ko talauci da karatu, abin da ɗan Agege da ɗan Inugu duk za su ga kansu a ciki. Ka tuntuɓi malaman da ke koyar da kwas ɗin Turanci na GST tunda dole kowane ɗan aji ɗaya ya yi shi, ko ba su sa maki ba in malami ya ambaci zaman a aji kawai ya isa ya jawo mutane. Kuma ga bikin littattafai da fasaha na Legas da ake yi duk shekara a Freedom Park wajen watan Nuwamba, marubuta na zuwa, ku kwashi yaran ku kai su su ga mai rubutu ido da ido.

Abban_Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba mun karɓi biyar ɗin nan da hannu biyu, zan zo shago da kaina in sha Allah. Sadiq maganarka ta masu zuwa daga nesa ta shige ni, shi ya sa nake ganin zaman ya zama cikin makaranta tsakanin azahar da la'asar ranar da lakca ba ta da yawa, wanda bai samu zuwa ba ya turo ra'ayinsa ta saƙon murya a guruf. Za mu fara da makaranta ɗaya tukuna, rukuni biyu na maza biyu na mata, kuma sharaɗin da nake so in kai wa shugabanni shi ne kowane yaro namu ya zo da abokin ajinsa ɗaya wanda ba Bahaushe ba, tunda dalilin abin kenan tun farko. Ummee ki turo min sunayen waɗanda kike ganin za su iya jan rukuni tare da ke. Saura littafin, duk wanda yake da suna a ransa ya ajiye a nan tare da farashinsa da yawan shafukansa kafin Juma'a, ranar Asabar kwamiti zai zauna.