Wace kalma za mu ba furofilaksis kafin Asabar?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan yi wa mahautan Oko-Oba a Agege bayani kan raunin da ke huda ciki, na wuƙa ko na harsashi, kuma gobe da azahar mai buga takarda yake son rubutun. Wuri ɗaya ya tsaya mini: antibayotik ɗin da muke ba mutum ta jijiya kafin tiyata, tun cuta ba ta kama shi ba. Likitoci na ce masa furofilaksis. Me zan rubuta?

Malam Sani: Rigakafi mana, Hajiya. Kowa ya san shi.

Hajiya Rabi: Da shi na fara, Malam. Amma kana cewa rigakafi, hankalin mutane zai tafi ga allurar ƙyanda da shan inna. Ga shi mai irin wannan rauni ana yi masa allurar titanus, sai biyun su cakuɗe.

Likita Bashir: Gaskiyarki, Anti. Idan wuƙa ta huda babban hanji, ƙazanta ce ke kwarara cikin ciki da ƙwayoyin cuta iri biyu: irin su E. coli, da masu rayuwa inda babu iska, irin su Bacteroides. Shi ya sa muke yawan haɗa ceftriaxone da metronidazole, wanda kuka sani da Flagyl, cikin awa ɗaya kafin yanka. In hanji bai huje ba, wanda aka bayar kafin aikin ya isa. In ya huje, ba a wuce awa 24, sai fa idan cuta ta riga ta kama. Ina son kalmar ta nuna tarewa ce ta ɗan lokaci.

Baba Garba: Kandagarki. Hausa ba ta yi talaucin da za ta ari antibayotik ba ma. Shekaru nake cewa a kira shi kashe-ƙwaya, ba mai ji.

Ɗan Mile 12: Allah ya ƙara girma, Baba. A nan ka ce ƙwaya, kowa tiramol zai ɗauka.

Baba Garba: To laifin wa? Zaman Legas ya cinye muku harshe. Yaro ba ya haɗa jimla sai da Turanci da Yarbanci.

Malam Sani: Haba Baba, asibiti da likita da tiyata duk aro ne, kuma a Kano ma haka ake faɗa.

Baba Garba: Waɗancan kakanninmu suka tanƙwara su har suka zauna a baki. Ku kuwa kuna haɗiyewa ba tauna.

Hajiya Rabi: Baba, ka yi haƙuri in faɗi abin da ya dame ni. Wani dare an kawo mana wani saurayi da aka soka a ƙasan cibiya, ya danne wurin da hularsa. Yayansa ya buɗe baƙar leda cike da kafso ja da yalo daga kemis, yana neman ruwa ya ɗura masa, wai kada ciwon ya yi ruwa. Da kyar na riƙe hannunsa. Mai hujin ciki ba a ba shi ko ɗigon ruwa ta baki. Wannan yayan nake rubuta wa, kuma ban tabbata ya taɓa jin kandagarki ba.

Likita Bashir: To a ce allurar tare cuta kafin tiyata. Kalmar allura ta kore kafso, kalmar tare cuta kuma ta kore warkarwa. Ki ƙara cewa dokar 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar mai raunin harsashi ba sai da takardar 'yan sanda ba, kada su tsaya a kemis.

Baba Garba: Ta yi tsawo. Wannan bayani ne, ba kalma ba.

Hajiya Rabi: Na yarda, Baba. Zan sa allurar tare cuta a jikin takarda, kandagarki a kanu, antibayotik sau ɗaya don su gane shi a katin asibiti.

Baba Garba: Sau ɗaya fa, 'yata. Ki turo in gani kafin a buga.