Wanda ya gaji kujerar majalisa, shi ma ɗan siyasa ne?

Sabo Tela, Babura:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina direba. Mun ji a rediyo wai gwamnatin Birtaniya na son sallamar ragowar waɗanda ke zaune a majalisar dattawansu da gado. Shi ya ce a Ingila har minista ana yi da gado, ni kuwa na ce ina, ƙasar da ke koya wa duniya zaɓe? Sai ya kawo sunan wani Lord Carrington. Ni Carrington ɗin da na sani jakadan Amurka ne a zamanin Abacha. Malam Habu, Allah gafarta malam, kai ka koyar da tarihi, a raba mu.

Malam Habu, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Sabo, abokinka direba ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma bai kai ba. Wanda ka sani Walter Carrington ne, Ba'amurke, ba su haɗa komai ba. Wannan sunansa Peter, an haife shi a 1919. Mahaifinsa ya rasu a 1938, yana ɗan shekara 19 ya gaji sarautar gidansu, shi ne na shida da ya riƙe ta, kuma kujerar majalisa tana biye da sarautar. Minista ba a gadonsa. Abin da ake gada a wancan lokacin zama ne a majalisar dattawa, shi kuma firaminista yana da ikon ɗauko ministansa daga kowace cikin majalisun biyu.

Ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar tankokin yaƙi, har ya samu lambar jarumta. Da ya dawo ya kama noma da zaman majalisa. A 1951 firaminista Churchill ya ba shi ƙaramin muƙami a ma'aikatar gona. Daga nan jakada a Ostireliya a 1956, ministan tsaro a 1970, sannan ministan harkokin waje na firaminista Thatcher a 1979. Duk tsawon nan bai taɓa tsayawa takarar majalisar wakilai ba, in ana tuhumar ma'aikatarsa a can ma, mataimakinsa ke miƙewa ya amsa, shi ba shi da ikon magana a zauren.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne 1982. Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya ranar 2 ga Afrilu, ranar 5 ya ajiye aiki, a kan cewa ma'aikatarsa ce ke da alhakin hango abin. Kwamitin da ya yi bincike daga baya bai ɗora wa gwamnati laifi ba, amma shi ya riga ya tafi. Ba ƙuri'a ce ta kai shi ba, kunya ce ta fitar da shi.

Hajiya Rabi, Ringim:
Malam, ina ganin girmanka, amma ban yarda da kai duka ba. Mai gonaki da gidan gado a Buckinghamshire, in ya ajiye aiki me ya rasa? Kujerarsa ta majalisa tana nan, ba mai ƙwace ta. Shekara biyu tsakani, a 1984, aka ba shi babban sakataren ƙungiyar tsaro ta NATO, ya yi har 1988. Murabus ba ya wuya ga wanda tukunyarsa ba za ta sauka daga murhu ba. Ɗan talakan da ya sayar da gona ya yi kamfe, shi za a tambaya.

Sannan ku duba gidansa. Ya auri Iona a 1942, 'ya'yansu uku, mata biyu ne manya, namijin, Rupert, shi ne auta. Da uban ya rasu a 2018 yana da shekara 99, autan ne ya gaji sarautar, yayyensa suna kallo. Turawan da ke mana wa'azin 'yancin mata ke nan.

Baba Idi, Kazaure:
Ku yara ba ku san mutumin nan ya taɓa shan yajin Najeriya ba. Ina aiki a gidan mai a 1979 lokacin da gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorin BP, kamfanin man Birtaniya, ana gab da taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka. Kowa ya san jan kunne ne, kada Thatcher ta amince da gwamnatin Muzorewa, wadda Turawa 'yan tsiraru ke mara wa baya, a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu. Daga baya aka goge BP a allunanmu aka rubuta AP. A ƙarshen shekarar Carrington ya zaunar da Mugabe da Nkomo, jagororin masu yaƙin neman 'yanci, da Ian Smith, jagoran Turawan ƙasar, a Landan, wata uku ana ja-in-ja, aka sa hannu a Disamba, Zimbabuwe ta samu 'yanci a 1980. Maganar filaye dai aka bar ta a rufe, ita ce ta fashe daga baya.

Kuma Sabo, ka daina mamaki. Mu ma mun yi majalisar sarakuna a Kaduna, kusa da ta zaɓaɓɓu, har sojoji suka rushe su a 1966. Daga wajen Turawan aka kwafo tsarin.

Malam Habu, Ɗambatta:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan ta AP ba a littafi ake samunta ba. Hajiya, maganarki ta gado na karɓa. Ta murabus kuwa ina nan a kan bakata, don masu gonaki da yawa sun liƙe wa kujera har sai da aka ɓamɓare su.

Sabo, abin da kuka ji a rediyo ci gaban aikin 1999 ne. A shekarar gwamnatin Tony Blair ta kori yawancin 'yan gado daga majalisar, ta bar 92. Shi Carrington sai aka ba shi kujera ta tsawon rayuwarsa kawai, wadda ba a gada. Ɗansa ma sai da 'yan majalisar suka kaɗa masa ƙuri'a a tsakaninsu kafin ya shiga a 2018. A 2024 ne gwamnatin Starmer ta kawo ƙudirin sallamar ragowar.