Wanda ya taɓa injin mota, garantinsa ya tashi?

Mai sabuwar mota: Jama'a ku raba ni da yayana. Ina so in canza taya da salansa, a kuma taɓa kwamfutar injin ta ƙara ƙarfi. Ya ce ranar da na yi haka garanti ya tashi gaba ɗaya.

Yaya: Ina nan kan bakana. An ba ka mota yadda aka ƙera ta, ka kai wa wani ya sa hannu, sannan ka dawo ka ce kamfani ya biya?

Mazaunin Amurka: Yaya, a nan ba haka ba ne. Tun 1975 akwai dokar Magnuson-Moss. Kamfani ba zai soke garanti duka don ka sa kayan da ba nasa ba, sai ya nuna abin da ka sa ne ya jawo ɓarnar. Ka canza taya, rediyo ya mutu, dole su gyara.

Makanike: Alhaji, a kan taya na yarda. Kwamfuta kuwa daban ce. Ƙarfin nan ba daga sama yake zuwa ba: ana ƙara matsin turbo, ana ƙara mai, zafi ya hau, fistin da kulochi da giya su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba. Ranar da injin ya buga, hujja na hannunsu, kuma injin ne mafi tsada a motar.

Mai sabuwar mota: In aka mayar da ita yadda take kafin in je fa?

Makanike: Ƙanena, kada ka dogara da wannan. Volkswagen da Audi suna da alamar TD1; da na'urarsu ta gano an taɓa kwamfutar, sai ta rubuta alamar a bayanan motar da ke wurin kamfani.

Yaya: Kuma dokar Amurka ba ta aiki a Kano. Takardar da ka sa wa hannu ita ce alƙali.

Mazaunin Amurka: Wannan gaskiya ne, amma "gaba ɗaya" da ka ce ne ban yarda da shi ba.

Makanike: Ni abin da ke damuna ma ya wuce wannan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke mayar da mota ta gas, wasu a sabuwar mota, ba su tambayi dila ba. Mai 'yar Kwatano ba ruwansa, dama ba shi da garanti. Kai da ke da shi, je ka tambaye su, su ba ka amsa a rubuce.

Mai sabuwar mota: To zan canza tayar. Kwamfutar ta jira garanti ya ƙare.