Sabuwar laptop ko injin tattaki? Kuɗina na abu ɗaya ne

Mai Lissafi: Assalamu alaikum. Don Allah ku taya ni tunani, kaina ya ɗau zafi. Aikin lissafi nake yi wa wani ƙaramin kamfani daga gida, Excel ne tun safe har dare. Laptop ɗina ta 2012 ce, Core i5 zubi na 3. Bara na ƙara mata RAM ya kai giga 8, amma had disk ɗin na asali ne, mai juyawa. In na kunna ta sai na yi wanka na shirya kafin ta gama farkawa. Windows 10 ce a kai, kuma ta ce ba ta cancanci 11 ba. Matsala ta biyu: shekara 4 da fara aikin zaman nan na tashi daga kilo 71 zuwa 88, tsayina mita 1.63 ne, likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage. Fita tattaki ba ta yiwu mini, ina da goyo kuma babu mai riƙe mini ita. Abin da na tara a wata 8 zai sayi matsakaiciyar laptop sabuwa ko injin tattaki na gida, ba zai sayi duka ba. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Biyu: Wa alaikumus salam. Ki ƙara mata RAM kawai, za ki sha mamaki.

Mai Lissafi: Malam, ai na ce na ƙara bara.

Uwar Gida: 'Yar uwa, me za ki yi da inji? Ki riƙa fita da sassafe kina zagaya unguwa minti 30, kyauta ne. Ni haka na yi na sauke kilo 6.

Mai Lissafi: Anti, goyon fa?

Mai Gyara: Hajiya, shekara 15 ina buɗe cikin kwamfuta. Ciwon laptop ɗinki ba tsufa ba ne, had disk ne. Irin wanda ke cikinta faifai ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke bin sa tana neman fayil. SSD kuwa, wato sabuwar ma'ajiyar fayil da ake sawa a madadinsa, babu abin da ke motsi a cikinta. Wancan da ƙyar yake wuce megabayit 100 a daƙiƙa, SSD ta SATA, irin wadda za ta shiga taki, tana kai 500, kuma a wajen tsinto ƙananan fayiloli, wanda shi ne abin da Windows ke yi lokacin tashi, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. A sa miki mai giga 256 ko 512, a buɗe fanka a share ƙura, a sake man da ke kan furosesa don ya bushe tuntuni. Za ta tashi kafin ki gyara zama. Sauran kuɗin ki yi abin da kika ga dama da shi.

Ɗan Linux: Gaskiya ne, amma bai taɓo babbar matsalar ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Akwai shirin ƙarin gyaran tsaro da zai kai mutum 13 ga Oktoba 2026, daga nan kuma shi ke nan. Windows 11 tana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa na Intel daga zubi na 8, naki na 3 ne. Kuɗin mutane kike lissafawa a na'urar da za a daina toshe wa ɓaraka. Ki sa Linux Mint a madadin Windows, ki yi aiki da LibreOffice a madadin Excel, kwamfutar za ta ƙara shekaru.

Sarkin Zolaya: Kai kam ko cewa aka yi akuya ta ɓata, Linux za ka ce a sa.

Mai Lissafi: Fayilolin ofis ɗinmu cike suke da makro, wato 'yan umarnin da ke sa Excel yin aiki da kansa. Na taɓa buɗe ɗaya a LibreOffice, lissafin ya fito amma maɓallan da oga ya ƙirƙira duk suka mutu.

Sarkin Zolaya: To ni shawarata ku shiga dayet tare, ke da laptop ɗin. Ta 2012 ai ta haura kilo 2, ga caja kamar bulo. Ki riƙa ɗaga ta sau 20 kafin ta gama tashi, kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na Ga Jiya: Ku yi ta dariya. Ni abin nan ya taɓa cin aikina, don haka ba na wasa da shi. Buga rubutu da tsara takardu nake yi wa mutane. Laptop ɗina ta fara wani ƙara, ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar ana taɓa cokali a gilashi. Wata 2 tana yi. In ta maƙale sai in ɗan bubbuga gefenta ta ci gaba, har na saba, na ɗauka halinta ne. A lokacin ina riƙe da aiki mafi girma da na taɓa samu, rahoton wata ƙungiya mai shafi 340, da jadawali da hotuna, mako 7 ina kansa. Saura kwana 3 in miƙa, da daddare na rufe ta lafiya. Da safe na kunna, baƙin allo da layi ɗaya na rubutu, wai ba ta ga inda za ta tashi ba. Na kashe na kunna ya fi sau 30. Daga baya aka gaya mini kowace kunnawa ƙara karce faifan nake yi.

Na kai wa wani mai gyara, ya ce in dawo jibi. Na dawo ya ce gobe. Ranar da na karɓa ya miƙo mini ita tana aiki fes, yana murmushi, wai ya sa sabon had disk ya yi mata fomatin. Na ce ina tsohon? Ya ce ai ya mutu, yaronsa ya zubar. Wallahi sai da na dafa tebur. Ban ce a gyara kwamfuta ba, cewa na yi a ciro mini aikina. Da na koma gida na duba sai na ga RAM ɗina ma da yake giga 8 ya koma 4. Na koma, ya rantse haka na kawo ta, ni kuma ba ni da shaida. Masu rahoton ba su yi mini faɗa ba, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai suka yi Allah ya kiyaye gaba, suka karɓi kuɗin somin da suka ba ni, ba su sake kira ba. Su ne kuma suke haɗa ni da wasu. Shekara guda ina farfaɗowa. Kuma tunda ana maganar ƙiba, a shekarar nan na yi tumbin da har yau yake nan, don in baƙin ciki ya taso da tsakar dare ba abin da nake yi sai ci.

Hajiya, kafin ki sayi komai, yau ɗin nan, ki kwafe fayilolinki wuri biyu. Had disk mai shekara 13 ba abin amana ba ne.

Uwar Gida: Innalillahi. Shafi 340! Allah ya mayar maka da alheri.

Baban Biyu: Amma Malam, ko a imel ba ka tura wa kanka ba? Ko filas?

Na Ga Jiya: Da na tura zan zo nan ina ba da labari?

Mai Gyara: Allah ya kyauta, amma kar a yi mana kuɗin goro. Mai gyaran kirki ba ya zubar da had disk ɗin mutum, a leda yake ba ka abinka. Kuma duk wanda zai kai gyara ya ɗauki hoton shafin da ke nuna RAM da furosesa a gaban mai shagon. Hajiya, ki sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta karanto lafiyar faifan. In kin ga shuɗi da sauƙi, in rawaya ko ja ne kar ki kwana.

Na Ga Jiya: Kowane mai gyara haka yake cewa, mai kirkin shi ne shi.

Baban Biyu: Ni dai SSD ɗin nan ba araha ba ce yadda ake faɗa. Da na sa wa tawa, da kuɗin aiki da sabon batir, sai da na kashe kusan sulusin kuɗin sabuwa.

Mai Gyara: An yanke ka. SSD mai giga 256 ba ta kai kashi 1 cikin 10 na kuɗin matsakaiciyar laptop ba.

Baban Biyu: Wace iri? Akwai masu arahar da ba a san sunan kamfaninsu ba, wata 6 su mutu. Araha ba ta ado.

Ɗan Linux: Ku duka kun manta da ta hannu. Kamfanoni suna sauke laptop irin su ThinkPad da Latitude bayan shekara 3 ko 4. Mai zubi na 8 tana ɗaukar Windows 11, kuma rabin kuɗin sabuwa ce.

Uwar Gida: Rabi a ina? Ƙanena ya nema watan jiya, kusan kuɗin sabuwa aka ce masa, wai tunda kowa yana gudun Windows 10 suka yi tsada.

Nas Mai Aikin Dare: Kun cika wuri da maganar ƙarfe, baiwar Allah ta ce jininta yana hawa. 'Yar uwa, da kilo 88 da tsayin 1.63, BMI ɗinki, wato ma'aunin nauyi bisa tsayi, ya kai 33, daga 30 kuma ake kiran sa ƙiba a likitance. Amma inji ba shi ne farkon magani ba. Tattakin minti 30 abin da yake ƙonawa bai fi kalori 150 zuwa 200 ba, gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana da sukari wajen giram 35, kalori kusan 140. Kin ga shan minti 2 ya cinye wahalar rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, wajen giram 50 ke nan, gishiri kuma ƙasa da giram 5, motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wannan minti 150 ɗin ana iya tara shi a tsakar ɗaki, goma goma. In kuma kina shayarwa kar ki yi wa kanki horon yunwa, rabin kilo a mako ya isa. Me kike ci a gaban kwamfutar? Nan zan fara dubawa.

Mai Lissafi: Kin kama ni. Akwai wata durowa a hannun dama, ba sai na faɗi abin da ke ciki ba. Kuma gaskiya lokacin da laptop ɗin ta maƙale ne hannuna yake zuwa can.

Sarkin Zolaya: Ashe had disk ne ya sa miki kilo 17. Mai Gyara, kai ne likitan.

Sirrin Siranta: Hajiya ki yi mini magana ta akwatin sirri, akwai shayin da ke narkar da teɓa cikin kwana 14 ba tare da motsa jiki ba.

Nas Mai Aikin Dare: Kar ki kuskura. Yawancin irin shayin nan maganin gudawa ne ko mai sa fitsari, ruwa ne yake fita ba kitse ba, ga ki da hawan jini da goyo.

Sirrin Siranta: Ke nas ce ba likita ba. Mutum nawa kika rage wa ƙiba? Ni ina da hotunan kwastomomi.

Baban Biyu: A nan kam ina bayan nas. Amma ita ma ba ta taɓa sayen injin ba, ni na saya. Wata na farko kullum ina kai. Wata na biyu sau 2 a mako. Yanzu tawul da kayan yara ake shanyawa a kai, kuma ya ci rabin falo. Mai ɗakina in ta so tsokana sai ta tambaye ni ko in sayar mata da shi a kilo.

Uwar Gida: Wannan laifinka ne ba na inji ba. Maƙwabciyata shekara 3 tana hawa nata.

Tsohon Akawu: 'Yata, ni tambaya ɗaya gare ni da ban ga wanda ya yi ba. Aikin kamfani kike yi, lissafin kamfani ne a ciki. Don me ke za ki sayi kwamfutar? A zamaninmu ko biro ofis ne yake bayarwa, ka sa hannu a littafi.

Mai Lissafi: Baba, na taɓa faɗa wa oga. Ya ce ai da aka ɗauke ni an tambaya ko ina da laptop, na ce e.

Na Ga Jiya: Ka ji irinta. In ta mutu da lissafinsu a ciki kuma ke za su tuhuma.

Ɗan Linux: Mu ma haka. Kwamfuta tamu, data tamu, wuta tamu, sannan suka turo wata manhaja wai dole kowa ya sa don a riƙa ganin ko yana kan aiki. A kwamfutar da hotunan iyalina suke! Na ce ba zan sa ba sai sun ba ni tasu. Wata 5 ke nan ana kai ruwa rana.

Uwar Gida: Ni abin da ya fi ci mini rai saƙon ƙarfe 11 na dare. Tunda aka ce kana gida shi ke nan ba ka da lokacin tashi. Mijina yana cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan maɓalli. Ta ina mutum zai rage ƙiba bai yi barci ba?

Nas Mai Aikin Dare: Wannan kuma gaskiya ce, ƙarancin barci yana ƙara yunwa. Ku tambaye mu masu kwanan asibiti.

Tsohon Akawu: Ki rubuta masa a takarda, ba da baki ba. Ki ce Windows ɗin ta daina samun gyaran tsaro, bayanan kuɗinsa ne ke cikin haɗari. Mai kamfani ba ya jin ciwon bayanki, amma yana jin na aljihunsa.

Baban Biyu: Ko kuma ya ce to a samo mai sabuwar laptop. Baba, yanzu ba da ba ne, mutum 50 ne a layi.

Tsohon Akawu: Da wannan tsoron ne suke hawa kanku.

Baban Biyu: Da fansho a hannu kowa jarumi ne, Baba.

Mai Lissafi: Na sauke manhajar da Mai Gyara ya ce. Rawaya ta nuna. Ina kwafe fayilolin a filas yanzu, ta ce saura awa 4. Har yanzu dai ba wanda ya ce mini laptop ko inji.

Sarkin Zolaya: Awa 4? To ki rufe durowar nan da makulli tukuna.

Ɗan Linux: Baba, ku da kuka daɗe a aiki, in na ƙi sa manhajar tasu suna da hurumin cire mini albashi? Don jiya an fara yi mini barazana.